Bindigar iska ba ta karɓar gaggawa

Akwai zamanin da idan aka ambaci bindiga a ƙasar Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne maharbi da adakarsa, da ƙahon albarushi, da sammakon fita bakin dajin Kogo ko na Rugu bayan an kawar da amfanin gona. Wannan zamani ya wuce. Tun kafin kisan da aka yi wa mutanen ƙauyen Kadisau a watan Yunin 2020, da kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba na wannan shekarar, bindiga ta riga ta tashi daga kayan sana'a ta koma kayan fargaba, kuma tambayar da ta rage a bakin matasa a kan kowace iri ita ce yaya ƙarfinta, ina kuma take kaiwa. Ana cikin haka wayoyin hannu suka fara kawo musu bidiyon wata bindiga da ba ta cin albarushi, sai iskar da aka matse a tulu, ga wani Bature a filinsa yana fasa ƙwai da ita daga mita 100 ko fiye. Wasu na ganin an samo maganin ɓarnar gona, wasu ma na raya cewa an samo abin tare ɓarayin daji cikin araha. Abin da shekaru suka koya wa irinmu game da kayan aiki ya sa nake ganin duka biyun sun ɗauki abin ta inda bai dace ba. Amfanin wannan bindiga gaba ɗaya a awo yake, kuma wanda ya neme ta don ƙarfi zai ɓata ta, ko ita ta ɓata shi.

Sai an san cikinta za a gane dalili. Tana da tulu na ƙarfe ko na zaren kabon da ake cikawa da iska har matsin ya kai bar 200, wasu 250 ko 300. Don a kwatanta, tayar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3, kwamfuresar mai faci kuma da wuya ta haura 10. Idan aka ja kunama, wani ƙarfe da ake kira guduma, wanda sifirin ke turawa, sai ya bugi bawul, bawul ya buɗe ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, iska ta kufce ta tura harsashi cikin bututu. Matsalar ita ce kowane harbi yana rage matsin tulu, saboda haka harbi na farko da na talatin ba za su fita da gudu ɗaya ba. Shi ya sa masu tsada suke da regileta a tsakanin tulu da bawul. Aikinta irin na mai awon hatsi ne a kasuwar Sheme: buhu ya cika ko ya yi rabi, mudun da zai zuba maka ɗaya ne. Tana ɗebo iska daga tulu ta tara ta a wani ƙaramin ɗaki a kan matsi tsayayye, a ce bar 120 ko 140, kowane harbi kuma daga wannan ɗakin yake sha. Kamfanoni irin su Daystate na Ingila da FX na Suwidin sun yi suna a wannan fanni, kuma FX Impact da ta fito a 2015 ita ce ta yaɗa al'adar cewa mai bindiga da kansa zai riƙa juya regileta da sifirin har ya sami abin da yake so.

Harsashin ma iri biyu ne, kuma a nan gizo yake saƙa. Na gargajiya, wanda ake kira felet, yana da siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi. Iska tana riƙe gindin ta daidaita shi yana tafe, amma wannan riƙon shi ne ke cinye masa gudu, har ya zama bayan mita 50 ko 60 ya fara gajiya, iskar gefe kuma ta yi wasa da shi. Na biyun, sulog, curin dalma ne mai siffar harsashin bindigar albarushi, ba shi da ƙugu, ya fi nauyi, yana ratsa iska ba tare da ya yi asarar gudu da wuri ba. A bututu mai faɗin milimita 5.5, felet yakan kai giram 1 ko ya ɗara kaɗan, sulog kuwa daga giram 1.5 har ya haura 2. Tunda ba shi da gindin da zai daidaita shi, dogaronsa duka a kan juyawa yake, juyawar kuma zanen murɗe na cikin bututu ne ke ba shi. Bututun da aka yi don sulog yakan juya harsashi sau ɗaya a cikin kimanin santimita 40 zuwa 45, kuma gwargwadon tsawon harsashin gwargwadon yadda yake neman murɗe mai sauri. Har kaurinsa abin lura ne: bambancin kashi ɗaya cikin dubu na inci yakan raba wanda bututu zai karɓa da wanda zai watsar. Bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya, lamba ɗaya, sukan bambanta a kan harsashin da suke so, kuma babu takardar da za ta faɗa wa mai su tun da wuri. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

To a wurin saiti ne haƙurin mutum yake bayyana. Sabon shiga abin da yake yi shi ne ya ɗaure sifirin har ƙarshe, ya ɗaga regileta, yana jin cewa ya ƙara ƙarfi. Amma a kowane matsi na regileta akwai gudun da harsashi ba zai wuce ba ko da an ninka bugun guduma. Idan aka kai wannan iyaka, ƙarin bugu ba ya haifar da komai sai bawul ya daɗe a buɗe bayan harsashi ya riga ya fita, iska ta zube a banza, ƙara ta yi yawa, kuma wannan iskar da ta biyo shi a baya ta bugi gindinsa ta karkatar da shi. Masu harkar da suka san abin da suke yi sukan ajiye na'urar awon gudun harsashi a gaban bututu, su riƙa ƙara sifirin kaɗan-kaɗan suna rubuta lamba, har su ga inda gudu ya daina hawa, sannan su sassauta su dawo ƙasa da wannan ƙololuwa da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100. A nan ne harbi ke bin harbi da gudu kusan ɗaya, tulu kuma ya ba da harbi mai yawa. Akwai wata iyakar kuma da ba a iya saye da kuɗi. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, yakan ɗara kaɗan a zafin bazara, kuma harsashin da ya kusanci wannan gudu yakan shiga rikicin iska ya fara tangaɗi. Shi ya sa yawancin masu sulog suke tsayawa tsakanin mita 270 da 300 a daƙiƙa ko da bindigar za ta iya fin haka. Sannan abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya juya regileta, ya taɓa sifirin, ya sauya harsashi duk a zama ɗaya, ko ya dace ba zai san abin da ya ba shi dacen ba, gobe kuma ba zai iya maimaita shi ba.

Za a ce mini maharbanmu na da ba su san na'urar awon gudu ba, kuma sun ciyar da gidajensu da nama shekara da shekaru. Gaskiya ne, amma wannan hujja a gefena take. Maharbin kirki bai taɓa zuba albarushi da ka ba. Yana da ma'auninsa, ya san yawan da adakarsa ke ɗauka, ya san idan ya wuce shi bututu zai iya tsagewa ya tafi da yatsunsa, kuma babu garin da ba a san wani mai irin wannan tabo ba. Ya san tazarar da harbinsa ke kashewa, shi ya sa yake ɓata rabin yini yana sanɗa, yana lura da inda iska ke kaɗawa, har ya kai inda ya tabbata. Tunda harbi ɗaya gare shi kafin ya sake ɗuri, dole ta sa ya zama mai lissafi. Sarkin Baka da manyan maharba ba sa barin yaro ya riƙe bindiga sai ya daɗe yana bin su yana ɗaukar kaya. Abin da na'ura ta ƙara shi ne lamba a maimakon ƙiyasi, amma tarbiyyar ɗaya ce. Abin da ya ɓace a wannan yanki shi ne wannan zaman koyo, domin dajin da ake koyon a cikinsa ya fi ƙarfin maharbi, kuma yaron da ya tashi yau bindigar da ya fara gani a hannun sa'ansa ce, wanda babu wanda ya koya masa komai sai jan kunama.

Ƙasarmu ma tana da nata sharuɗɗa da mai bidiyon can bai san da su ba. Tulun da aka cika da sanyin safiya aka bar shi a cikin mota ko a kan babur a ranar Afrilu, matsinsa zai iya ƙaruwa da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma idan dama an cika shi har wuya to an wuce abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Ƙurar hunturu tana shiga bakin cikawa ta zauna a kan bawul, zoben roba ɗaya ya lalace iska ta riƙa tsiyaya dare ɗaya tulu ya wayi gari fanko, kuma ba a Funtuwa ko Malumfashi za a sami irinsa a shago ba. Da damina kuma famfon hannu yana tura laima cikin tulu, tsatsa ta ci shi ta ciki inda ido ba ya gani. Mafi muni shi ne dabarar da za ta fara zuwa wa mai wayo idan famfo ya gajiyar da shi: ya je wurin mai walda a ɗura masa daga tukunyar iskar oksijin. Oksijin a irin wannan matsi idan ya haɗu da ɗigon mai ko giris sai ya kama da wuta nan take, tulu ya tarwatse a hannun mai riƙe da shi. Saboda wannan dalili ne ma ba a shafa man inji a cikin hanyar iskar, sai man silikon da aka yi don haka. Muna da maƙera da makanikai masu basira, waɗanda ke tayar da injin da kamfaninsa ya manta da shi, amma basirar gyara da abin da ya samu, wadda ta rufa mana asiri a wurare da dama, a kan bar 250 hatsari ce tsantsa.

Sai maganar manomi, wanda yake da hujja mai ƙarfi. Gafiya da kurege da ɓera suna yi masa ɓarna a gona da rumbu, bindigar iska kuma ba ta da ƙarar da za ta tayar da hankalin gari a lokacin da kowace ƙara ke sa mata su kwashi yara. Mai cewa sulog ya fi saboda yana kai nisa kuma iska ba ta kaɗa shi sosai bai yi ƙarya ba. Tambayar ita ce ina harsashin zai tsaya idan aka kuskure, ko idan ya ratsa abin da aka harba. Raunin felet shi ne amincinsa: yana saurin mutuwa. Sulog kuwa an yi shi ne don kada ya mutu da wuri, yana iya tafiyar ɗaruruwan mitoci da sauran ƙarfin yi wa mutum rauni, kuma idan ya bugi dutse ko busasshiyar ƙasa yakan yi tsalle ya canza hanya. Bature mai bidiyo yana harbi ne a filin da babu kowa har iyakar gani. A Sabuwa da Faskari kuwa gonakin nesa da yawa an bar su, jama'a sun matso gefen gari suna noma kafaɗa da kafaɗa, ga 'yan gudun hijira, ga yara masu kiwo da masu itace a bayan kowace kunya, dawa kuma idan ta yi tsawo ba ka ganin wanda ke mita 20 a gabanka. Ɓarnar da ake son karewa kusan duk a cikin mita 20 zuwa 40 take faruwa, inda felet ya wadatar har ya yi saura. A irin wannan wuri sulog ƙarin kuɗi ne da ƙarin alhaki. Jan-baki kuwa, idan suka sauko dubu-dubu a kan gero, babu bindigar da ke maganinsu, kowace iri ce.

Hujja mafi nauyi ita ce ta mai cewa: ana sace mu ana kashe mu, kai kana maganar gafiya, ko banza wannan ta fi hannu wofi. Ba na raina wannan magana, musamman da yake a 2021 gwamnan jiha na lokacin, Aminu Bello Masari, da bakinsa ya ce wa mutane su nemi abin kare kansu. Amma lissafi ba ya jin tausayi. Sulog mai giram 1.6 da ke gudun mita 290 a daƙiƙa yana ɗauke da ƙarfin da bai kai jul 70 ba. Harsashin AK-47, mai kusan giram 8 da gudun sama da mita 700, yana ɗauke da kimanin jul 2,000, wato ninki kusan 30, ga shi kuma yana fita a jere. Tarihi ma ya riga ya yi wannan gwajin. Sojojin Ostiriya sun karɓi bindigar iska ƙirar Bartolomeo Girardoni wajen 1780, mai cin harsashi kusan 20 a lokacin da sauran duniya ke ɗuri ɗaya-ɗaya ta baki, kuma irinta Lewis da Clark suka riƙe a tafiyarsu ta ratsa Amurka daga 1804 zuwa 1806. Duk da wannan fifiko, zuwa wajen 1815 sojojin sun ajiye ta, saboda tulun yana da wuyar ƙerawa, yana saurin lalacewa, cika shi kuma sai an buga famfo sau kusan 1,500. Abin da rundunar da ke da maƙera da taskar sarki ta kasa riƙewa a fagen daga, ba ɗan sa-kai a ƙauyen Yankara zai riƙe shi ba. Ga wani abu kuma da ba a faɗa: waɗannan na zamani baƙaƙe ne, da madubin hange da siffar kayan soja. Wanda ya rataya ta a hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, soja a shingen bincike ba zai tsaya tambayar me take ci ba, ɗan bindiga ma haka. Ya jawo wa kansa martanin babbar bindiga alhali abin da ke hannunsa na harbin kurege ne.

Doka ma ba ta ɗauke ta abin wasan yara ba, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, waɗanda mutum zai mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, da kuma masu ɗuri ta baki irin adaka, waɗanda izininsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigar iska a gida na biyu take, tare da bindigar farauta mai baki biyu, wato neman izininta ya fi na adaka tsauri. Wasu ƙasashe da awo suka raba: a Ingila wadda ba ta wuce kimanin jul 16 ba ana mallakarta babu lasisin bindiga, a Jamus iyakar jul 7.5 ce, kuma galibin waɗanda aka saita don sulog sun haura waɗannan nesa ba kusa ba. Ko a can ɗin, ashe, mai harba sulog yawanci mutum ne da hukuma ta san da shi. Matashin da zuciyarsa ke tafasa don kare garinsu, hanyar da take da suna da horo da wanda zai amsa tambaya idan an yi kuskure ita ce irin rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023 da matasa kusan 1,500. Tana da nata naƙasu, mutanen yankin sun fi kowa sani, amma ta fi sayen kaya a ɓoye ta waya daga hannun wanda ba a san fuskarsa ba.

Wanda ya cika sharaɗin doka, yake da fili mai tudu ko bango a bayan abin harbinsa, yake kuma da kuɗin da ba na taki ko na makarantar yara ba, babu laifi ya koyi wannan sana'a, kuma zai ji daɗinta. Sai dai ya yi gwajinsa a kan takarda. Addini ya hana mayar da mai rai abin koyon saiti, kuma bindigar da gudunta ke hawa da sauka tana raunata dabba ta tsere ta je ta mutu a wahale, wanda wannan kaɗai ya isa dalilin zama a yi awo kafin a fita. Ya harba biyar-biyar a tazara ɗaya, ya rubuta matsi da gudu da irin harsashi da yanayin iska, ya karɓi abin da takardar ta nuna ko da ya saɓa wa abin da yake so, ya kuma tsaya a tazarar da duk biyar ɗin ke taruwa wuri guda. Ya tuna kuma abin da yake taɓawa dalma ce. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Harsashin bindigar iska bai kai wannan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma jikin yaro ya fi saurin shanye ta. Ba a sa shi a baki yayin ɗuri, ba a narka shi a tsakar gida ko a tukunyar girki don a zuba sabo, ana wanke hannu kafin a ci abinci, naman da ke kewaye da raunin kuma a yanke shi a zubar kafin a kai wa uwargida.